Waken da ke Aljihun Ma'azu

Masu karatu, sallama gare ku. Duk wadda saurayinta ya taɓa kawo mata turare ko ɗan kunne, ta tsaya ta gode wa Allah kafin ta ci gaba da karanta wannan. Ni nawa saurayin da wake yake zuwa zance. Ba dafaffe ba, kuma ba don ni ba. Ɗanye, fari tas, cike da aljihun dama na rigarsa.

Sunana Zuwera, 'yar Alhaji Tahiru dillalin shanu a Zangon Paraku. Abin ya faru ne a zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya koma kamarad, har liman in ya shiga ofis. Mahaifiyata ta rasu ina goye, don haka Kaka Lauratu, uwar Baba, ita ta raine ni. Goggo Amariya kuwa, ƙanwar Baba, ita ke riƙe da madafi da makullan gida tun da aurenta ya mutu.

Ma'azu mutumin Jugu ne. Mushe ne, kamar yadda muke kiran malamin makaranta, amma ba irin masu alli da bulala ba. Yana koyarwa a wata 'yar makaranta ta yaran da ba sa magana, masu buga kai a bango da masu cizon hannunsu. An taɓa tura shi Kutunu ya yi wani karatu na 'yan watanni, ya dawo da wata larura da har yau ba a samo maganinta ba: ba ka isa ka ce "kullum" a gabansa ba. Sai ya karkata kai ya tambaye ka sau nawa, me ya faru kafin nan, me kuma ya biyo baya. Akwai ranar da kunya ta sake ni na ce masa kullum yana raina. Bawan Allah nan ya yi murmushi, ya tambaye ni ko da safe abin ya fi yawa ko da yamma. Na kwana uku ban aika masa gaisuwa ta hannun Mamuda direban motar Jugu ba, wanda shi ne wayarmu a lokacin.

Duk da haka ina son sa, kada ku tambaye ni dalili. Manyansa sun riga sun kawo gaisuwa, Baba bai ƙi ba, amma ya ce babu maganar sa rana sai an san yadda za a yi da Kaka.

Ga yadda zancen Kaka yake. A ƙofar gidanmu da akwai wani rimi, wanda a gindinsa ta yi shekaru tana sayar da fura. Wata Asabar samarin komitin unguwa suka zo da gatura, suka ce mayu ke taro a kansa, suka sare shi. Kaka na tsaye da ludayi a hannu, ba ta ce uffan ba. Kututturen yana nan, kuma abin mamaki, kaji ba sa hawansa, amma kadangaru sun mai da shi fada. Sai bayan shekaru, da gwiwoyi suka zaunar da ita, ta buɗe baki. Za ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ɗaga murya ta zagi juyin juya hali, ta zagi wanda ya haife shi, ta zagi masu saran itace da takalmansu, har ƙugiyar tutarsu ba ta bari. Kuma muryar mai fura ce, wadda ta saba ratsa kasuwa. Katangarmu ko kafaɗata ba ta kai ba.

A lokacin an ɗauke mutane a kan maganar da ba ta kai rabin wannan ba. Kamarad Munkaila, delegen unguwa, wato wakilin gwamnati a cikinmu, ya ja Baba gefe bayan sallar Juma'a ya ce masa shi dai kurma ne don mutunci, amma ba duk 'yan komiti ne kurame ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Goggo ta rantse rediyo ne ke tayar mata da iska, aka cire masa pil, wato batir, aka kife shi da kwando kamar kaza mai kwanci. Kaka ba ta fasa ba. Daga ƙarshe Baba ya yanke cewa bayan Babbar Sallah za a kai ta Onklu, gonar wani ɗan'uwansa, ta je ta zagi gwamnati a gaban kunyoyin doya. Tunda kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata gwiwa sai ni, to ni ma da ni za a tafi. Aure sai ranar da Allah ya yi.

Da aka yi dogon hutu Ma'azu ya sauka wurin wani abokinsa a unguwar Turu, yana zuwa kullum bayan la'asar. Ranar farko na fashe masa da kuka a zaure, na ce Kaka kullum cikin zagi take. Kun san abin da ya biyo baya. Ya karkata kai.

Na ce masa ni ba agogo ba ce. Ya ce to ai Goggo ta ce rediyo ne, Baba ya ce tsufa ne, maƙwabta sun ce aljanin rimin ne ya rasa gida, amma cikinsu babu wanda ya taɓa zama ya duba. Ya ce kafin a gyara hali sai an san girmansa, kafin a san girmansa kuma sai an yarda a kan mene ne shi. Muka ɓata yammacin nan kaf, ni da saurayina, muna tantance mene ne zagi. Gunaguni ba ya ciki. Tsaki ba ya ciki. Sai ta ɗaga murya har an ji daga zaure, kuma ta ambaci juyin juya hali ko mutanensa. In ta yi shiru gwargwadon a sha ruwa a ajiye moɗa sannan ta sake, wannan sabo ne. Ya ce a makaranta da takarda yake yi, amma a gidan mutane takarda tana tsoratarwa, don haka zai zo da wake: duk zagi ɗaya, ƙwaya ɗaya daga aljihun dama zuwa na hagu.

Haka muka shiga wani irin zance da ban taɓa jin wata ta yi ba. Ni in yi wanka, in ɗaura atamfata mai ganyen shuɗi, in kafa ɗauri, in zizara kwalli, ga lalle har wuyan hannu, in soya masa wagashi, cukun nonon nan, in barbaɗa yaji in kawo a kwano mai murfi. In zauna a bakin tabarma ina ba shi labarin irin gadon da nake so, shi kuwa idonsa na kaina amma kunnensa na cikin gida. Da Kaka ta ɗaga murya sai in ga hannu ya nutse a dama ya fito ya nutse a hagu. Wani lokaci ya tambaye ni wa ya shigo yanzu, wa ya fita, me aka kai mata. Sau da yawa na ce masa na gaji, ya je ya auri Kaka tunda ita yake zuwa saurare. Sai ya yi dariya ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a ƙaramin aljihun ƙirji. Na tambaye shi wannan kuma na mene ne, ya ce wani awo ne daban, bai kammala ba. Na yi tsaki na ƙyale shi.

Ita Kaka ba ta ƙi shi ba. In ya shiga gaishe ta sai ta ce ga angonta mai kunnen zomo, ta tambaye shi ko a Jugu ba a ciyar da malamai ne.

Goggo Amariya ce ta gano hannun. Ta fito za ta aiki mai kai niƙa, ta tsaya bayan labulen zaure, ta ga wake na ƙaura daga aljihu zuwa aljihu daidai lokacin da Kaka ke kwashe wa komiti albarka. Ta jira Baba ya ci abinci ta zauna ta jera masa: ma'aikacin gwamnati ne, an kai shi Kutunu an koya masa abin da ba wanda ya sani, ya zo neman aure amma ba ya kallon yarinya, kuma yana ƙirga zagin da tsohuwa ke yi wa masu mulki. Ta ce in wannan ba ɗan leƙen asiri ba ne, ita ba ta san sunansa ba. Gaskiya, masu karatu, ko ni da na san komai, da na ji an jera shi haka sai da gabana ya faɗi.

Na yi rantsuwa, na yi bayani. Baba ya ce in rufe masa baki, soyayya ta toshe mini kai.

Washegari bai bar Ma'azu ya shiga zaure ba. A ƙofar gida ya tare shi, daidai kututturen rimi, lokacin da mutane ke dawowa daga la'asar. Ni ina leƙe ta bayan ƙyaure, da kwanon wagashi a hannu. Baba mutum ne da ya saba ciniki a tsakiyar garke, bai iya magana a hankali ba. Ya tambaye shi nawa ake biyansa a kan kowace ƙwaya, ya ce ya ci gishirin gidan nan sannan zai kai uwarsa a ɗaure. Ya cafki aljihun rigar ya fizga, ɗinki ya ɓarke, wake ya watse a ƙasa, kajin unguwa suka yo kansa kamar an yi musu shela.

Cikin masu dawowa daga masallaci har da Kamarad Munkaila. Na ga fuskarsa ta canza, domin a gaban jama'a haka kurumtarsa ta ƙare. Ya gyara hula, ya sauya murya zuwa ta ofis, ya tambayi kamarad mushe ko gaskiya ne ya ji kalaman adawa da juyin juya hali a gidan nan har ya ƙirga su, in kuwa haka ne, nawa ne.

Na san Ma'azu. Zai iya yafe maka rigarsa, amma ba zai rage ƙwaya ɗaya daga lissafi ba.

Ya ce gaskiya ne, ya faɗi adadin, sittin da wani abu. Wani a cikin taron ya yi salati. Sai Ma'azu ya roƙi a bar shi ya ƙarasa, domin adadi shi kaɗai ba ya nuna komai. Ya ce a cikin kwanakin da ya zauna, akwai waɗanda Alhaji ya tafi cin kasuwar shanu a Nikki ya kwana can. A waɗannan ranakun aljihunsa na hagu wayam ya koma gida, ko ƙwaya ɗaya.

"Kamarad delege, juyin juya hali bai je Nikki ba a ranakun nan, yana nan Paraku. Kututturen nan ma yana nan. Alhaji kaɗai ne ba ya nan."

Ya ci gaba a hankali, kamar mai yi wa yara bayani. Ya ce abin yana farawa ne idan Alhaji ya kashe mobilet, ɗan babur ɗinsa, a tsakar gida ya wuce turakarsa. Da farko tsohuwa takan kira sunansa, sai a ce mata yana zuwa, ya gaji, yana lissafi da masu shanu. Sai ta ɗaga murya ta zagi gwamnati. Kafin ta kai ƙarshen jimla Alhaji ya fito da gudu ba takalmi, ya durƙusa, ya riƙe hannuwanta yana Inna yi haƙuri, ya ɓare mata goro. Nan take sai ta yi shiru. In ya tashi da wuri, ta sake.

"Ni abin da na ƙirga ke nan. Uwa ce ke kiran ɗanta, kuma wannan kiran kaɗai yake amsawa da sauri. Da zai riƙa shiga wurinta tun kafin ta kira, ina jin waken ba zai yi aiki ba."

Kamarad Munkaila ya sauke numfashi irin na wanda aka ɗauke wa buhu daga ka. Ya ce ashe maganar gida ce, komiti ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa, kowa ya watse. Ya wuce yana kakkaɓe wake daga takalminsa.

Ku kuna zaton an gama ke nan, ko? Ni ma haka na zata, har na fara gyara ɗaurina. Ashe gara a ce wa Baba ya shigo da ɗan leƙen asiri gida da a ce masa, a gaban sahun masallaci guda, bai kula da uwarsa. Shi da ya yi mata ɗaki mai rufin kwano, shi da ba ta taɓa rasa nama ba. Ya nuna wa Ma'azu hanya ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarsa, ya je ya auna tarbiyyarsa tukuna kafin ya auna ta wasu. Ma'azu ya duƙa ya ba da haƙuri, ya tafi da aljihu na reto. Kashegari ya koma Jugu.

Haushin duniya ya ishe ni, na rasa wa zan fi ji wa. Na aika Mamuda direba ya gaya masa cewa mai hankali yakan ja babba gefe ya faɗa masa irin wannan magana. Mamuda ya dawo da amsa wai a gefe ya so faɗa, ranar da awon ya cika mako biyu, ba a bar shi ya kai ba. Na aika cewa to ya ci makonsa biyu. Ya aiko wai yaya gwiwar Kaka. Mamuda ya ce shi fa an mai da shi gidan waya ba a biyansa ko sisi.

Kwana biyu Baba bai yi wa kowa magana ba, Kaka kuwa ta yi zaginta son ranta. A rana ta uku ina tankaɗe a tsakar gida na ji mobilet. Ya kashe, ya jingine. Ya nufi turakarsa har ya kama labule, sai ya tsaya. Na ga Kaka ta gyara zama tana share maƙogwaro. Baba ya saki labulen, ya juya kamar wanda ya manta wani abu, ya ratsa tsakar gida ya ce wai ya zo duba ko rufin ɗakin Inna na yoyo. Rabonmu da ruwan sama kwana biyar. Ya shiga ya zauna, ya daɗe yana duba rufi daga zaune. Na jiyo tana tambayarsa farashin bijimai, tana ce masa ubansa ya fi shi iya ciniki. Har aka kira magariba ba a taɓa gwamnati ba.

Washegari ƙyauren ɗakin ne wai yake ƙara. Rana ta gaba bai ma nemi dalili ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ni kaina. Ban san lokacin da na ɗebi wake a madafi na ƙulle a bakin zanena na dama ba. Ni da na tsani waken nan. Ina wanke-wanke kunnena na ɗakin Kaka, ina lura da wa ya shiga, wa ya fita. Ba a daina gaba ɗaya ba. Ranar da baƙi suka tsare Baba a zaure sai da ƙwaya biyu suka koma hagu, wata rana kuma ɗaya, don ya shiga ya fito a tsaye. Sauran ranakun ƙullin hagu babu komai.

Ana saura kwana kaɗan Sallah, ina shafa wa Kaka man kaɗanya a gwiwa, ta tambaye ni ina angonta mai kunnen zomo. Na ce Baba ya kore shi. Ta ce yaron ba shi da kirki, ya tona mata asiri, amma a ba shi ni, domin mijin da ke saurare har haka ba kullum ake samunsa ba.

Da na fito na ci karo da Baba a bakin ƙofa. Ya dubi bakin zanena, ƙulli a dama, ƙulli a hagu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya kau da kai ya tambayi bango:

"Yau nawa?"

"Babu, Baba."

"Jiya fa?"

"Babu."

Ya gyaɗa kai, ya ce Onklu nisa gare ta, kuma sauro ya yi yawa a can. Ya yi taku biyu ya tsaya, har yanzu bai dube ni ba.

"Ki aika a gaya wa mai waken nan manyansa su zo bayan Sallah a sa rana. Amma in zai sake shigowa gidana, ya ɗinko riga marar aljihu."

Ban jira gari ya waye sosai ba na kai wa Mamuda saƙo a tasha. Da yamma ya dawo ya miƙo mini wani ƙullin hankici, yana dariya tun kafin ya yi magana. Na kwance, wake ne, ya kai cikin tafin hannu. Wai in ji Mushe, wannan na aljihun ƙirji ne, awon ya kammala. Kowace ƙwaya sau ɗaya ce da na ce na gaji da shi. Ya kuma lura da abin da ke biyo baya, ko sau ɗaya ban tashi daga tabarmar ba.

Na ce wa Mamuda ya gaya masa ba shi da kunya. Waken kuwa na zuba a gwangwanin kwallina na rufe.

Sai Mamuda ya ƙara da cewa akwai sauran saƙo. Wanda zai jagoranci manyan Ma'azu ƙanen ubansa ne, kuma shi ne shugaban komitin unguwarsu a Jugu, mutumin da ko ɗaurin aure ba ya zuwa sai da alamar jam'iyya a ƙirji. Za su iso da hantsi, su wuni.

Na tsaya ina lissafi irin wanda aka koya mini ba da son raina ba. Baƙi daga hantsi har yamma, Baba a zaure ba zai motsa ba, katanga ba ta kai kafaɗa ba. Na juya a hankali na dubi ɗakin Kaka. Tana zaune a bakin ƙofa, ta ji komai, fuskarta fes kamar ta jaririya.

Ta yafito ni ta ce in samo mata zuma a kasuwa kafin ranar, maƙogwaronta na ɗan yi mata ƙaiƙayi.